Yaya Inusah da tsuntsun da ban je na saurara ba

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga Oktoba, 1997, da hantsi, aka bugo mini waya cewa Allah Ya karɓi ran Yaya Inusah Sumani a gidansa da ke unguwar Stapleton, nan Amurka, bayan jinyar wata huɗu. Na rubuta labarin a littafin da nake rubuta abin da ya faru kullum, na ajiye biro, na kasa ƙara komai.

Yaya, a wurin da direbobin tasi ke jiran fasinja a filin jirgin saman JFK muka haɗu a 1988, ni sabon direba daga Kano, kai ɗan Zangon Kumasi da ya riga ya san gari. Kai ka nuna mini alƙibla a wurin, ka raba tuwon masararka biyu ka miƙo mini rabi. Kai kuma ka fara ɗora mini madubin hangen nesa a ido, ka ce in daina kallon jirage, akwai masu fiffiken da suka fi su.

A cikinsu ka fi son piwi, ɗan tsuntsu toka-toka da bai cika tafin hannu ba. Yakan zauna a busasshen reshe, ya zabura ya cafke ƙwaro a iska, ya dawo inda ya tashi. Ka ce mini iri biyu ne, na gabas da na yamma, kuma da ƙyar ido ke raba su, sai dai kunne: na gabas fito yake yi siriri mai daɗi, na yamma kuwa kukansa a shaƙe yake, yana gangarowa ƙasa. Na yamman ka san shi ne a Kolorado, inda ka yi shekara biyu kana tuƙa babbar mota. Har sheƙarsa ka gani, kamar ɗan ƙoƙo na ciyawa da saƙar gizo-gizo ta riƙe a kan reshe. Duk Lahadi muna fita tare, kai kana ji, ni ina rubutawa.

A ƙarshen watan Mayu na 1996 ka kira ni bayan asuba.

"Ishiyaku, na yamma ne! Yana nan a lambun bayan unguwarmu. Taho yanzu, mutum biyu ake so su ji kafin a yarda."

Ina gida a unguwar Flatbush, ba aiki gabana ranar. Na buɗe littafin tsuntsaye, na ga taswira ta ce daga yamma yake wucewa Kudancin Amurka, ba ya biyowa nan. Na ce maka littafi bai yarda ba. Kwana uku kana kira, ban taka ba. A na huɗu tsuntsun ya tafi.

Da a nan na tsaya da sauƙi. Amma a gaban direbobi na ce tsuntsun Yaya ya hau jirgin da ba nasa ba. Aka yi ta dariya, har da kai, kuma daga ranar suka laƙaba maka Mai Baƙon Yamma. Ba ka taɓa yi mini ƙorafi ba. Fitarmu ta Lahadi ce kawai ta yi ta raguwa, ni kuma na bar ta ta mutu. Sau biyu na zo duba ka kana kwance, sau biyun na shirya maganar neman gafara tun daga hanya, muka ɓige da hirar cunkoson motoci a kan gada.

Ranar sadakar uku, maiɗakinka Hajiya Mariama ta sa aka kira ni bakin ƙofa.

"Malam Ishiyaku, kai ne mai rubutawa. Har ya kwanta yana maganar tsuntsun nan. Da gaske ya ji shi?"

Na so in ce mata e. Na ce, "Hajiya, ya kira ni, ban je ba."

Ta ce Allah Ya ba mu haƙuri duka.

Har yau ban sani ba ko na yamma ne ko na gabas, kuma babu sauran wanda zai sani. Abin da na sani, shekara takwas ban taɓa kama kunnenka da kuskure ba, ban taɓa jin ƙarya a bakinka ba. Wannan shaidar ita ce a hannuna, na kuma makara da ita.

Ya Allah Ka jiƙan bawanKa Inusah, Ka haskaka kabarinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Hajiya Mariama, da 'ya'yansa Hamdatu da Abdul-Hanan, da dangi na Kumasi, Allah Ya ba ku juriyar wannan rashi. Shi ba zan iya neman gafararsa ba yanzu. Ku da ya bari, ku yafe mini.