Wadda ta faɗi sunan ɗana

A Adar uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Haka na taras, haka nake yi har yau. Nawa yana bida, ci-rani, a Aljeriya, aikin gini yake, kuma tun da ya tafi, in ya samu abin aikowa ta ajans, ofishin aika kuɗi, yake turowa da sunana. Saƙo ya shigo waya da lambar sirri, in ɗauki katin ɗan ƙasa in tafi. A gishe, tagar da ake biya, sai an tambaye ni wa ya aiko, ni kuwa bakina ba ya buɗuwa. In ce babban yaro ne, su ce suna suke so, layi ya tsaya a bayana ana tsaki.

Shi ya sa nake tafiya da maƙwabciyata. Katanga ɗaya ta raba mu a Tawa, shekara goma sha. Ta yi lakwal, makarantar boko, tana ƙarama, ita ke karanta min saƙo, ita ke faɗa musu sunan, ni in dangwala yatsa. In mun fito in saya mata tsire. Lokacin na fara zuwa yaƙi da jahilci, ina da shekara arba'in da wani abu, amma karatuna bai kai na waya ba tukuna.

Wata damina matar yaron ta haihu a gidan iyayenta a Takanamat, jiki ya ƙi daɗi, aka ce a kawo ta likita. Ya kira ya ce zai turo. A satin nan maƙwabciyar ta tattara katunan matan layinmu za ta yi mana rajistar hatsi mai rahusa, nawa yana ciki. Waya ta yi ƙara, na miƙa mata ta kan katanga. Ta duba, ta daddanna, ta ce talla ce ta masu waya.

Bayan kwana uku ya kira.

"Inna, an kai ta?"

"Da mi za a kai ta? Ba abin da ya zo."

Ya je ya bincika can. Aka ce masa an karɓa a Tawa, da sunana, da katina. Bai yi min faɗa ba. Da ya yi ma ya fi min. Ya ce, "To, Inna, ba komi," ya kashe. Ya sake neman wasu kuɗin ya tura wa yayan matarsa. Daga nan gaisuwarsa ta koma ta baƙo, lafiya lau, lafiya lau, sai anjima. Ɗan da na goya ya ɗauka na cinye kuɗin jinyar matarsa, kuma kunyata ta hana shi faɗa.

Wa na kai wa kukana? Ita maƙwabciyar. Ta zauna kan tabarmata, ta dama min fura da hannunta, ta ce yaran bida haka suke, ƙila bai tura ba yana son ya rufe bakin surukai. Na sha furar nan.

Malamarmu ta yaƙi da jahilci ce ta ce in je in nemi takardar da aka sa wa hannu. Na tafi ni kaɗai. Wani sabon ma'aikaci ne a gishe, mai turare kamar an zuba masa da bokiti. Ya ce, "Hajiya, ke kika karɓa. Ga shi nan."

"Ka dube ni. Ka taɓa ganina?"

Ya ɗaga kai, ina jin ranar ce ya fara ɗaga shi. Ya ce mata da yawa ke zuwa. Gaskiyarsa, a wurinsa dukkanmu hijabi ne da yatsa. Hoton katin kuma ya sha ruwa, ko ni ban rantse ni ce ba.

Na ƙi matsawa sai da shugabar wurin ta fito, mace ce mai gilashi, ta daɗe a nan. Ta kawo takardar. Dangwale ne, baƙi, ya baje. Ta ce ba su da abin gwada yatsa. Na ce ba yatsa na zo gwadawa ba. Na juya wurin mai turare.

"Ka tambaye ta wa ya aiko?"

"Dole ne. Ta faɗi."

"Da bakinta?"

"Da bakinta, har da sunan ubansa. Ta ce ɗanta ne na fari."

"Ita kaɗai ta zo?"

"Ita kaɗai."

Shugabar ta cire gilashi ta dube ni. Ta ce masa, "Kai daga ina ka fito? Wagga ita ce mai tsai da muna layi duk wata. Ko wuƙa ka sa mata ba ta faɗin sunan nan." Matan da ke bayana suka yi dariya, wata tsohuwa ta ce wace uwa ce za ta yi ta rangaɗa shi kamar mai talla.

Shugabar ta ce sai ta tabbatar na san sunan kafin ta buɗe magana. Na ce ta ba ni biro. Na rubuta shi a bayan takardar, harafi harafi, layi ya sake tsayawa. Ranar na fara ganin sunan ɗana ya fito daga jikina.

Mutum ɗaya ce ta san sunan, ta ga lambar, ta riƙe katin. Ban bi ta gidana ba, na shiga na maƙwabciyata. Tana tsince shinkafa. Ba ta ma yi musu sosai ba. Ta ce, "Haba ƙawa, ara na yi. Ai ɗanmu ne duka."

Na ce, "Kin yi naƙudarshi?"

Kuɗin ba su ne suka fi ci min rai ba. Ta tsaya gaban mutane ta sa sunana kamar zanen aro, ta ce ita ta haife shi, ta kira sunan da ni na haɗiye shekara talatin, don a ƙirga mata takardun kuɗi a hannu. Sannan ta zo ta dama min fura.

Dattawan unguwa suka taru, kowa rufin asiri, maƙwabtaka, kar a kai komisariya wurin 'yan sanda. Asirina da ya tonu har Aljeriya ba wanda ya zo rufe shi. Na ce ba zan kai ta ba, da sharaɗi ɗaya. A gabansu aka kira yaron, aka buɗe murya, ta faɗa masa abin da ta yi. Tana faɗa tana jan hanci. Ban tausaya ba.

Da aka watse ya sake kira. Ina jin ƙarar injin siminti a bayansa. Ya ce, "Inna, ki gafarce ni." Na ce ya tambayi jikin matarsa, an sallame ta. Ya ce ya sani, ni yake tambaya. Muka yi hira har kuɗin wayarsa suka ƙare.

Kwanonta biyu da ke wurina na ɗora mata a kan katanga. Yanzu saƙona ni ke karanta shi, ko zai ɗauke ni rabin yini. In na je ajans, takarda tana ƙulle a bakin zanena da sunan a rubuce. In tura ta ƙarƙashin gilashin gishe. Mai turaren nan sai ya dubi fuskata sau biyu kafin ya taɓa ta.