Zanen da Aka Samu a Aljihun Kyari

Ranar Kyari ta ƙarshe ba ta bambanta da sauran ba. Da safe ya koyar da lissafi a wata sakandare a Roni. Bayan azahar ya hau acaɓa zuwa kasuwar Gwiwa, yana tambayar manoma wa suke shawarta kafin su sauya irin gero. Gab da magariba mota ta buge su, shi da ɗan acaɓan, a hanyar dawowa. Shi ne ɗana na fari.

Binciken digirinsa na biyu a kan yadda ra'ayi ke yaɗuwa ne. Ya taɓa ce mini, "Baba, ba gaskiyar magana ke sa a yarda da ita ba. Mutum ya ji ta a bakin mutum biyu da ya amince da su, shi ke nan."

An samu takarda a aljihunsa: sunayen manoman, kowanne cikin da'ira, an haɗa su da layuka. Wanda ya kawo gawar ya ce hatimin asiri ne. Kafin sadakar bakwai ƙanena Dunoma ya same ni.

"Yaya, a gida na ji, a masallaci ma na ji. Me yaron nan yake yi da sunayen mutane?"

Na yi masa bayanin zanen, layi bayan layi. Ya ce, "Allah Ya gafarta masa," ya tashi.

Da muka fitar da tufafinsa sadaka, ba wanda ya karɓa a unguwarmu. Na zuba su a buhu na kai Babura, inda ba a san shi ba.