Takardun da Nake Sa wa Hannu Ran Asabar

Mu Sakkwatawa ba mu da teku, amma kayan teku har gida suke iske mu. Shekara shida na yi ina shugaban 'yan dako a wani fili da ke hanyar Wamakko, inda tireloli ke sauke kwantenonin da suka taso daga tashar jiragen ruwa ta Ikko. Mai filin kawuna ne, ƙanin mahaifiyata. Shi ya saya min ragon sunan ɗana na fari, don haka in ya ce a yi abu ba na tsayawa tambaya.

Kwantenar kayan abinci, tun a bakin ruwa ake sa mata maganin ƙwari a rufe. Ƙa'idar aikin ita ce a buɗe ƙofa a bar ta ta sha iska kafin kowa ya sa ƙafa, ni kuma in sa hannu a takarda cewa an yi hakan. To mu ga yadda muke yi: ran Asabar Kawu ke turo min takardun mako mai zuwa, in zauna kan benci in sa musu hannu duka, shi ya cike kwanan wata daga baya. Wai don kada a ɓata lokaci. Ni kuwa sakarai har daɗi nake ji, wai an yarda da ni.

Wata Talata da hantsi kwantena ta iso. Ina buɗe ƙofa wani wari kamar na tafarnuwa ya bugi hancina, na ce kowa ya dakata. Kawu ya leƙo daga ofis.

"Mi kuka jira? Mai kaya na bisa hanya."

"Kawu, ba ta sha iska ba."

"Ni nac ce a shiga."

Na yi shiru. Wannan shirun laifina ne, ban taɓa musunsa ba. Wanda ya fara shiga wani dattijo ne daga Kwalkwalawa, mai 'ya'ya bakwai, da shi muke cin abincin rana kwano ɗaya. A buhu na huɗu ya durƙushe yana amai. Ya rayu, amma ƙirjinsa bai koma daidai ba, yau ko bokitin ruwa ba ya iya ɗagawa.

Da masu bincike suka zo, na shirya faɗin gaskiya har da nawa kason. Kawu ya riga ni. Ya ja durowa ya zaro takardar, ga sa hannuna, ga ranar Talata ya cike. Ya ce musu, "Ɗan 'yar'uwata ne, amma ba ni rufa mai. Shi yac ce ya duba." Har da girgiza kai, mutumin nan. Wallahi ban taɓa tsanar wani kamar yadda na tsane shi a tsayen nan ba, kuma har yau ban huce ba.

Korar da aka yi min ba ta dame ni sosai ba. Abin da nake so shi ne dattijon ya ji daga bakina. Na hau babur na tafi Kwalkwalawa, ashe Kawu ya riga ni zuwa dubiya. Na sami dattijon kwance kan tabarma, numfashinsa na fita da ƙyar. Ya amsa sallamata, bai miƙo hannu ba.

"An nuna min takarda," ya ce.

Na fara bayani, ya katse ni.

"Hannunka na, ko ba naka ba?"

Na ce nawa ne. Ya juya fuskarsa bango, ya ce wa matarsa ta sake masa labulen ƙofa, haske na damun shi.