Ranar da Aka Zo Karɓar Ƙwayoyin Batula

Kalibu mutumin Tibiri ne, ɗan kokawa. Ya karya ƙugun mutum uku kafin wani manomin Jiratawa ya karya nasa, aka yi raba daidai. Daga nan ya koma gadi a wani shagon magani a Sabon Gari. Karatunsa bai wuce rubuta sunansa ba, shi ma sai an riƙe masa hannu.

Yayarsa Batula ce ta raine shi. Ciwon zuciya ya kumbura mata ƙafafu kamar turmi, kuma duk wata shi yake kai mata ƙwayoyin da likita ya rubuta, farare ƙanana, ɗaya a rana.

A farin 1984 takarda ta iso shagon: ƙwayoyin wannan zuwan an yi kuskure wajen haɗa su, ƙarfin kowace ya ninka, har mutum biyu sun mutu a unguwar Zariya. A karɓo su duka. Da yake soja ke mulki, maimakon mai shela sai aka turo mota da sojoji shida, aka jefa Kalibu a baya don ya san gidajen masu saye.

To, sojan da ya saba fasa rumbu neman hatsin ɓoye bai san wata sallama ba sai ta takalmi. A gidan farko suka ɓalle ƙofa. Mai gidan, Ilyasu tela, ya tambayi dalili, aka ba shi amsa da gindin bindiga, ya tofar da haƙora biyu. Matarsa Atika ta yi kururuwa, aka ja ta a ƙasa har bakin zaure.

"Sarja, ku gaya masu guba ce mana," in ji Kalibu ga shugaban sojojin.

"Kai ne likitan, ɗan gurgu?" Sarjan ya ɗauke shi da mari har kunnensa ya yi jini.

Kafin la'asar labari ya riga motar isa Tibiri: soja na ƙwace maganin zuciya. Ba wanda ya ce lalatacce ne. A shekarar nan duk abin da soja ya zo ƙwacewa mai daraja ne, manya za a kai wa. Kowa ya shiga ɓoye nasa.

Da suka tsaya ƙofar gidan Batula a Tibiri, Kalibu ya roƙi a bar shi ya shiga shi kaɗai. Sarja ya ture shi, ya ɗaga ƙafa zai daki ƙyaure. Kalibu ya sure shi ya buga da ƙasa, kafaɗar sarja ta yi ƙas. Sauran biyar suka rufe shi da duka, suka fasa masa goshi da haƙarƙari. Da rarrafe ya shiga ɗakin.

Batula na zaune a tabarma, tana ajiye kwanon ruwa.

"Yaya, ina ƙwayoyin?"

"Kwantar da hankalinka, ƙanena. Ko ɗaya ba za su samu ba." Ta nuna masa gwangwanin, wayam. Saura goma sha tara ne a ciki da safe.

Ya zura mata yatsa a maƙogwaro, ta cije shi, tana ce masa marar kunya. Yana cikin yi sojoji suka fizge shi. Ta cika kafin magariba, shi yana ɗaure a bayan mota.

Wata takwas ya yi a kurkuku saboda kafaɗar sarja. A can ya ji cewa an rubuta Tibiri cikin garuruwan da aka kammala aikin lafiya.