Rairayi, Ba Ruwa Ba

Ranar da ba ta taɓa fita raina ba ta fara ne da tarin risho. Duk matar da ta yi girki da shi ta san ƙarar: yana cikin hucinsa daidai, sai ya yi "fut, fut" kamar mai shaƙuwa. Ina ba ku labarin nan ne, ku 'yan'uwa da ke aikin asibiti yanzu, don a wurinmu risho ba na girki ba ne, da shi muke tafasa allurai.

Shekaru kaɗan kafin Turawa su tafi, anka yi wa maigidana canjin aiki zuwa Isa. Da yake na gama makarantar 'yan mata a Sakkwato, sai En'e ta ɗauke ni mataimakiya a asibitin sha-ka-tafi, don mata ba su son namiji ya duba su. Mu uku ne. Malam Garba shi ne disfensa, mai ba da magani da yin allura. Ni ke wanke miki da ɗaure shi. Sai Baba Manu, leburan asibiti, dattijo mutumin Tozai, mai shara da ɗibar ruwa. Ɗakuna biyu gare mu, ɗaya cikin ɗaya. Na waje na magani, na ciki mai gado guda da 'yar taga mai sandunan ƙarfe. Ƙofar fita ɗaya ce tak.

Wani rangadi, likita Bature ya kawo muna tukwanen kashe wuta guda biyu, Malam Garba na yi masa tafinta. Babbar, ja ce, ruwa ne cikinta da wani magani. In an kifa ta sai ta yi feshi. Ita ta wutar itace ce da zana da tufafi. Ƙaramar ta tagulla ce, ana buga ta kamar famfon keke, ta wutar fetur da kananzir. Amma ya ja kunnenmu: tururinta guba ne, kada a buga ta a rufaffen ɗaki da mutum ciki. Ya kuma bar jajayen bokitai huɗu, ya ce a cika su da rairayi. Na rubuta duka a bayan littafina. Baba Manu kuwa dariya ya yi, ya ce, "Malama, wuta ma har da ƙabila gare ta?"

Ranar da abin ya faru bazara ce, da hantsi, ranar kasuwa. Malam Garba ya tafi Sabon Birni yin lambar rigakafi. Mata sun cika rumfa. A ɗakin ciki akwai Hajo, 'yar Fulani daga Kurawa, shekararta ba ta wuce shida ba. Kurkunu ya kumbura mata ƙafa har ba ta iya takawa. Uwarta ta kwantar da ita, ta fito rumfa da ƙwaryar nononta tana jira in gama da allurai.

Da rishon ya yi tari, sai na duƙa na ƙara masa iska. Laifina ne, na yi gaggawa. Wuta ta yi sama, na ja da baya, gefen zanena ya jawo tukunyar allurai, rishon ya faɗo bisa garwar kananzir da ke buɗe ƙarƙashin tebur. Kafin in gama salati, kananzir ya malale kan siminti, wuta na bin sa, ta tsaya daidai bakin ɗakin ciki. Ni ina waje da ita, Hajo na bayanta.

"Gobara! Gobara!" Rumfa ta kaure. A garuruwanmu in an ji kalmar nan, kowa ruwa yake nema, haka munka tashi munka gani. Wata tsohuwa ta watsa ruwan butarta. Da idona na ga wutar ta hau kan ruwan, ta yi tafiya kamar mai ƙafa, ta ƙara kusantar gadon. Na ji yarinyar na kiran "Inna! Inna!" tana tari.

Sai ga Baba Manu ya sungumo babbar jar tukunya zai kifa ta. Ban taɓa riƙe hannun namijin da ba muharramina ba sai ranar. Na damƙe shi da hannu biyu.

"Baba, don Allah kada!"

"Sake ni, ɗiyar ga! Ba don wuta anka kawo ta ba?"

"Ruwa ne ciki! Kai mata wutar za ka yi har kan gado!"

Na juya ga bokitai, sai na tarar huɗun duka ruwa ne fal. Ashe Baba ya ga bokitai masu kyau irin waɗanda babu kamarsu a garin, ya ga asara ce a bar su da ƙasa, ya zubar da rairayin yana zuwa rijiya da su. Kullum ina wuce su, ban taɓa leƙawa ba.

Na fizgo ta tagullar daga bango. Ita ce ta kananzir, na sani. Hannuna na kan mariƙinta, sai na sake jin tarin Hajo. Ɗakin nan babu inda iska za ta fita sai tagar da ba ta fi faifai ba. In na buga, wataƙila wutar ta mutu, yarinyar ma ta bi ta. Na ajiye ta ƙasa ina kuka. Ban san tsoro irin na wannan lokacin ba, ga abin kashe wuta biyu a gabana, kowanne na iya kashe ɗiyar mutane.

Allah ne Ya sa na dubi ƙasa. Farfajiyar asibitin duk rairayi ce, kamar ko'ina a ƙasar Gobir. Na ɗaga murya yadda ban taɓa yi ba: "Ku zubar da ruwan! Rairayi za ku ɗebo!"

Sunka tsaya suna kallona kamar na zautu. Wata ta ce, "Mi? Ƙasa za mu ba wuta?" Uwar Hajo ce ba ta tambayi komi ba. Ta tuntsurar da nononta duka a ƙasa, ta kafta ƙwaryar cikin rairayi, ta miƙo mani. Ganin haka sauran sunka bi, mai tasa, mai faifai, mai gefen zane. Ni da Baba muna bakin ƙofa muna watsawa daga gabanmu zuwa ciki. Duk inda rairayi ya sauka wutar sai ta kwanta, har munka samu 'yar hanya kamar faɗin tabarma.

Na tsoma bargo cikin bokitin da ya rage da ruwa, na lulluɓa, na yi bisimilla na shiga. Hayaƙi bai bari na ga komi ba, da lalube na same ta ta ƙanƙame ƙarfen gado. Na naɗe ta cikin bargon na sungumo. Wajen fitowa na dafa katakon ƙofa, ashe ya kama, tafin hannuna ya tashi. Ban ji zafin ba sai da na direta a cinyar uwarta, na ga ƙirjinta na hawa da sauka.

Wutar kananzir ta mutu, amma katakon ƙofa da kantar magani da asabari suna ci, wutar na neman rufi. Na ce, "Baba, yanzu! Wagga wutar ta jar tukunya ce!" Ya kifa jar tukunyar, ta yi feshi, nan da nan sai hayaƙi da ƙauri.

Da la'asar Malam Garba ya dawo, ya zauna rubuta rahoto. Baba Manu ya tsuguna, ya tuɓe hula, ya ce, "Malam, ni na zubar da ƙasar." Na ce a rubuta ni ma, ni na kayar da risho, ni kuma na karanta amfanin bokitan ban taɓa duba su ba. An ja muna kunne mu biyu, ba a kori kowa ba. Daga ranar, kowace safiya sai na tsoma hannu cikin bokitan nan.

Abin da na koya shi ne mutanenmu ba su rasa zuciya, ko ɗaya cikin matan nan ba ta gudu ba. Amma in tsoro ya zo, hannu abin da ya saba yake ɗauka. Don haka ku koya wa kowa tun ana zaune lafiya, har mai shara. Kafin ku ɗauki tukunya, ku duba mi ke ci, ku duba wa ke numfashi a wurin.

Kwana uku bayan haka anka dawo da Hajo wankin miki. Ina ta fama da bandeji da hannu ɗaya, ɗayan na naɗe, ya ƙi ɗauruwa. Ta daɗe tana kallona. Can sai ta karɓe bandejin, ta kamo hannuna mai ƙunar a hankali ta aza bisa gwiwarta.

"Malama, kawo naki tukuna," in ji ta. "Rufe ido. Ba ni bari ki ji zafi."