Jan Fenti a Jikin Darbejiyar Baba

A gefen gonarmu ta gado da ke Getso, ɓangaren da ya kalli maƙabarta, akwai jerin darbejiya da mahaifinmu ya dasa tun ban san dama da hagu ba. Ba don inuwa ya dasa su ba, ba kuma don girki ba. Na mamata ne. Duk gidan da aka yi rasuwa a unguwarmu, ba sa neman izinin kowa. Samari za su saro rassa, a daddatsa, a jera a bakin 'yar kabari bayan an kwantar da mamaci, a sa ganye, a bi da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Darbejiya kuwa ba ta riƙo, nan da nan take sake tofowa. Da ita aka rufe Baba kansa.

Ni tela ne, rediyo ba ya mutuwa a shagona, don haka ina cikin na farkon da suka ji labarin abin da mutanenmu suka sa wa suna cinikin iska. Wai manyan masana'antun ƙasashen waje da ke turnuƙe duniya da hayaƙi za su riƙa biyan manomi don ya bar itatuwansa a tsaye, su shanye hayaƙin. Gwamnati ta ce ta yi na'am. Shi ke nan, bencin ƙofar shagona ya koma majalisar dokoki.

Yayana ɗan a-mutun gwamnati ne, ko cewa aka yi rana daga yamma za ta fito, in dai daga bakin nasu ne, zai ce ya ga alama. Abokin karawarsa wani malamin Islamiyya ne, maƙwabcinmu, ɗan adawa na gani-kashe-ni.

“Kuɗi fa za a ba ka don ka ƙyale bishiyarka!” in ji Yaya. “Ina asarar take?”

“Alhaji, su ci, su sha, su ɗauki hayarka ka yi musu azumi,” in ji Malam. “Yau bishiya, gobe gonar.”

Ni kuwa matsayina ɗaya ne, har gobe ban sauya ba: a bar itatuwa. Na ga yadda masu gawayi suka aske dajin da muka yi farauta muna yara, na ga damina ta koma zuwa a makare ta tafi da wuri. In akwai wanda zai biya don a daina sara, ya kawo, ba ma mayar da hannun kyauta baya. Sai dai na faɗa wa Yaya gaba da gaba: “Ka sa ɗorawa da tsamiya da gawon cikin gona a shirin. Jerin Baba kam, ba namu ba ne balle mu sayar.”

Ya ce ya ji. Ashe jin kunne ne. Ranar da ma'aikatan shirin suka zo ina kasuwar Gwarzo sayen zare, na dawo na tarar an shafa wa kowace darbejiya jan fenti. Duk bishiyar da ke da fenti, an ce ko reshenta ba a taɓawa, kuma wai akwai na'ura a sama da ke kallo. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na yi masifa har Inna, mahaifiyarmu, ta leƙo ta ce in ji kunyar girman ɗan'uwana. Na haɗiye, amma ban huce ba.

Ba a jima ba tsohuwar unguwarzomar da ta yanke wa yawancinmu cibiya ta rasu da hantsi. Aka yi mata wanka, aka sallace ta, aka haƙa kabari. Sai jira ya yi yawa. Na bar mutane na zagaya wajen itatuwan, me zan gani? Samari ne tsaye cirko-cirko da gatari, suna kallon fenti, suna kallon sama. Yaya ya tare gaba yana cewa in aka sara, za a cire unguwar gaba ɗaya daga shirin, gara a tura mai babur Gwarzo ya sayo itace. Malam kuma ya samu abin da yake so, yana ta “Ai na faɗa muku! Ga irinta nan!” Amma ko kusa da gatarin bai je ba.

Wallahi ban san lokacin da na tuɓe riga ba.

“Yaya, matsa.”

“Kai, ka san abin da za ka jawo wa jama'a?”

“Na sani. Ga baiwar Allah can a makara rana na dukanta, matar da ta fara ɗaukarka a duniya. In na'urar na gani, ta kalle ni da kyau, ni ne telan bakin masallaci. Malam, kai kuma wa'azin ya isa, zo ka kama reshe.”

Na hau na sara. Hannun da ya saba da almakashi, nan take ya yi bororo, amma ban sauka ba sai da itace ya wadata. Malam ya ja rassa har da tuntuɓe. Yaya ya tsaya kamar an dasa shi, daga baya na hango shi cikin masu miƙa ƙasa.

Da ma'aikatan suka dawo, ban jira an neme ni ba, na je na ce ni ne. Na kai su maƙabarta na nuna musu inda itacen ya tafi. Shugabansu ɗan Kabo ne, shi ma ya san yadda ake rufe mutum. Ya ce ba a taɓa gaya musu itatuwan na mamata ne ba. Suka cire jerin Baba daga lissafinsu, sauran itatuwan unguwa suka ci gaba da zama a ciki. Yaya ya yi ta gaba da ni har sallar layya, kuma har yau shi da Malam kowa cewa yake shi ya yi gaskiya.

Wata yamma gab da girbi, Inna ta ce in raka ta gona ta ga dawa. Ta daɗe ba ta yi doguwar tafiya ba, muna yi tana hutawa. Da muka isa ko kallon dawar ba ta yi ba, ta wuce wajen darbejiya ta ƙarshe, ta ɗaga sandarta ta nuna wani reshe miƙaƙƙe.

“Ka ga wancan? Na daɗe ina kiwonsa da ido. Ranar da na ji an shafa fentin nan, ban iya cin abinci ba.” Ta juyo ta dube ni. “Kai nake so ka saro shi. Yayanka tsoro gare shi.”

Na ce, “Inna, Allah Ya ja kwana.”

Ta ce, “Amin. Amma ka riƙa wasa gatarin.”