Takalmin Katakon Baba

Shekarar da ruwa ya ci gidanmu na Mafoni, abin da ya fara tserewa daga gidan takalmin katakon Baba ne. Mu muna ta jan katifa da buhun gero, shi ko ya hau saman ruwa abinsa, ƙafar dama a gaba, ta hagu na bin ta, suka fice ta zaure ko sallama babu. Na ce da Iya ai sun fi mu wayo, yanzu haka sun isa Chadi sun kama sana'a. Ba ta yi dariya ba. Ni ma ban yi ba. A lokacin bakina ne kawai ke zuba kamar famfon da kansa ya lalace, cikina ko shiru.

Muka koma Gomari, gidan yayata da mijinta. Aka ba Baba ɗaki guda. Ya shiga, shi ke nan. Mutumin da tun kafin a haife ni ba a tayar da salla a masallacin layinmu sai an ji ƙwas ƙwas ɗinsa, ya koma alwala a roba gefen katifa, salla a zaune. Ƙafafunsa suka kumbura. Yayata ta kawo mai duba marasa lafiya, ya ce maganin ɗaya ne, tsoho ya riƙa taka ƙasa, in ba haka ba ƙafar za ta manta da aikinta.

Na sayo masa silifas. Ya kalle su kamar na ajiye masa mushen kaza.

"Wannan na 'yan tasha ne," in ji shi. "Kana fitowa daga alwala yana watsa maka ruwan ƙasa har gadon baya. Kai da su."

"Baba, duk garin nan shi ake sawa. Har limamai."

"To kai wa limaman."

Ni keke nake ja, saboda haka duk inda na sauke fasinja sai na tambaya. A kasuwa wani ya fito min da na mata, mai tsini, an shafe shi da fenti yana ƙyalli, ya faɗi kuɗin da in na biya sai dai mu ci takalmin da miya. Wani ya ce rabonsa da ganin irinsa tun kakarsa na da haƙora. Wani kuma ya nuna min wata ƙafa ɗaya tal, ta tsage, wai in saya in nemi 'yar'uwarta a gaba. Kwana tara ina wannan yawon. A ƙarshe wata tsohuwa da na ɗauko da buhun gawayi ta ce in je Dala, bayan masu sayar da itace, akwai wani kafinta da bai san zamani ya wuce ba.

Na same shi ƙarƙashin dalbejiya, Babarbare ne, tsoho, yana fiƙe ƙafar kujera.

Na gaishe shi da yarensu: "Wushe, Baba kafinta. An ce kai kaɗai ka rage a duniya."

"Wa ya aiko ka da surutu?"

Na yi masa bayani. Ya ce zai yi, da ragowar katako mara nauyi, ya sa maɗauri na fata mai faɗi don kada ya ci ƙafar tsoho. Kuɗin bai fi na cikon tankin kekena ba. Sai dai ya ce in kawo awon ƙafa.

Baba bai taɓa sanin lambar takalminsa ba. Kuma na san in na ce ya miƙo ƙafa in auna, zai ce in je in auna ta ubana. Sai na jira bayan azahar, ya kishingiɗa, ya rufe ido. Na je dangar bayan gida na zaro kara guda, na lallaɓa na durƙusa, na ɗora shi daga dunduniya zuwa babban yatsa, na karya daidai wurin.

Ƙarar karyewar ce ta juyo da Iya daga bakin ƙofa. Ta dubi karan, ta dube ni. Ba ta ɗaga murya ba.

"Da ransa?" ta ce.

Sai a nan na tuna. Kara ai gawa ake aunawa da shi, a kai wa masu haƙar kabari. Na sani sarai, na sha gani. Kawai kaina ne ba ya tare da ni a watannin nan. Na ce, "Iya, ƙafa ce kawai, ba duka ba." Ta juya ta koma madafa. Kwana uku ba ta amsa gaisuwata ba.

Da na kai wa kafinta, ya ja hannunsa baya.

"Innalillahi. Yaushe ya rasu?"

"Yana nan, har ya zage ni da safe."

"Kai, ɗan nan, ba ka da manya a gidanku ne?" Ya ƙi taɓa karan. Ya sa na ajiye shi a ƙasa, ya auna da igiya daga gefe, sannan ya ce in jefa shi cikin wutar mai shayin da ke kusa. Na jefa. Na tsaya ina kallo har ya cinye, ban ji komai ba.

Bayan kwana huɗu na karɓo. Fari tas, yana ƙamshin sabon katako, kawunan ƙusoshin duk an danna su ciki. Na ajiye a gaban katifar Baba, na ja baya kusa da ƙofa saboda tsaro.

Ya daɗe yana kallo. Ya sa hannu ya ɗaga ɗaya, ya juya, ya ƙwanƙwasa da farce.

"Kai ne mai auna ni da kara."

Ashe idonsa biyu.

"Baba, kuskure ne."

"Kana sauri ne? Akwai abin da ka hango za ka gada? Robar alwalar?" Ya zura ƙafar dama. Ya zura ta hagu. "Zo nan, mai gaggawa. Kama ni."

Na kama shi. Nauyinsa bai kai na buhun gawayin tsohuwar nan ba. Muka fito tsakar gida, ƙwas, sai a huta, ƙwas. Iya na tankaɗe, ta tsaya da rariya a hannu. Yayata ta toshe baki. Masallacin bai fi taku sittin daga ƙofa ba, amma sai da muka rasa raka'a biyu na la'asar. A bakin ƙofa ya cire su da kansa, ya jera, ya ce in tsaya in yi gadi, 'yan unguwar nan bai yarda da su ba.

"Baba, wa zai saci wannan? Ɓarawon tun daga Gomari za a ji shi har Mafoni."

"Ka dai tsaya."

Daga ranar kullum sai ya fita, sau biyar, yana gaya wa duk wanda ya tsaya gaishe shi cewa ɗansa ya riga ya auna shi, shi kuma ya ƙi mutuwa, yana ta ba shi kunya. Maɗaurin hagu ya ɗan ci masa ƙafa, Iya ta naɗa masa tsumma. Kumburin ya sauka. Ya yi azumi a tsaye, ya yi sallar idi.

Bayan ƙaramar salla da 'yan makonni ya rasu, da hantsi, ba wata doguwar jinya. Ana cikin shiri wani dattijo ya ce a samo kara. Mutane suka dube ni, don ni ne namiji babba. Na je dangar nan na zaro. Na yi abin da ake yi. Ina ta jira wani abu ya motsa a ƙirjina, bai motsa ba.

Takalmin yana nan gidan yayata, bakin rariya. Duk baƙon da zai yi alwala shi yake zurawa. Iya takan ɗago kai in ta ji ƙwas ƙwas ɗin, sannan ta ci gaba da abin da take yi.